Gemun Baba da Robar Wuya

Tun ranar da muka dawo daga Indiya bakina bai huta ba. A makarantar da nake koyarwa tambaya, a gidan suna tambaya, har mai ƙosan bakin layinmu a Tudun Wada sai da ta riƙe min ƙosaina, wai ba za ta ba ni ba sai na gaya mata ko da gaske suna rawa a kan titi. To, ni dai ban ga mai rawa ba. Na ga abin da ya fi rawa ban mamaki, kuma shi zan rubuta a nan sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Baba na raka. Zuciyarsa ce ta kai matsayin da sai an buɗe ƙirji an canza wani murfi a cikinta. Ƙanena Sani ya kamata ya bi shi, amma fasfonsa ya ƙare, sabon kuma ya ƙi fitowa. Ni nawa yana nan tun Umara, ga ɗan Turancin da nake koyarwa da shi, sai maigidana ya ce in tafi. Matsalar ita ce ni ce 'yar fari. Tun da na buɗe ido Baba bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarama "ke" ce ko "waccan", da na fara aiki na zama "Malama". In na shiga gaishe shi, a bakin ƙofa nake durƙusawa, shi kuma bango yake amsa wa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani. Amma da aka ce ni da shi kaɗai za mu tsallaka teku, har Inna sai da ta riƙe baki.

Ana gobe za mu tashi Rifkatu ta shigo. Maƙwabciyarmu ce, tare muka tashi, kuma nas ce a sashen kulawa ta musamman na wani asibiti a nan Zariya. Ta ja ni gindin famfo ta ce, "Hajara, aikin ba shi nake jin tsoro ba, sun iya. Za su sa masa wata siririyar roba a babbar jijiyar wuya, ta tafi har bakin zuciya. Ta nan ake ba da magani da ruwa. Ita ke riƙe da rai, amma ƙofa ce a buɗe. In ƙwayar cuta ta bi ta nan, cikin jini za ta faɗa kai tsaye. Na ga wanda aikinsa ya yi kyau, har an fara yi wa iyalinsa barka, zazzaɓin jini ya ɗauke shi. Ki sa ido a kan robar nan." Daidai lokacin Baba ya wuce zai tafi masallaci, farin gemunsa har ƙirji, gemun da reza ba ta taɓa ba tun kafin a haife ni. Rifkatu ta bi shi da kallo ta ce, "Ga kuma gemun Baba Malam."

Sani ya ɗauke mu a mota, muka bi ta Kwangila muka miƙe Kano. Inna ta cika min jaka da kuka, daddawa, yaji da kilishi, kamar an ce mata can ba a ɗora tukunya. A jirgi aka ba mu kujeru biyu a manne. Wannan ne karo na farko da kafaɗata ta kusanci ta Baba, kuma bawan Allah ya naɗe gwiwar hannunsa a jikinsa har muka sauka. Da na ga yana kokawa da bel ɗin kujera na miƙa hannu, sai ya dubi bayan kujerar gaba ya ce, "A gaya wa Malama na iya." Bai iya ba. Wani Bahabashe ne ya ɗaura masa.

Mun yada zango a Adis Ababa, muka sha sanyi da zaman jira, sannan muka wuce Dilli, babban birnin Indiya. Jami'an shige da fice ba su ba mu wahala ba, sun duba katin rigakafi sun buga hatimi. Masu binciken kaya ne suka tsayar da ni. Wani mai gashin baki ya zaro ledar kuka, ya ɗaga sama yana jujjuyawa. Koren gari daga Najeriya, ai ka san abin da yake tunani. Na ce ganyen miya ne, ya ƙi yarda, sai na dangwala na lasa a gabansa. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa, layin da ke bayana da kansa ya ja da baya. Ya mayar min da ita da sauri, amma kilishin ya ce nama ba ya shiga. Baba ya bi ledar da ido ya ce, "Allah ya sa ya ci da lafiya."

Masaukinmu wani gidan bene ne a bayan asibitin, duk 'yan jinya ne daga ƙasashe: Larabawa, mutanen Afganistan, 'yan Sudan. Madafa ɗaya muke haɗawa, kowa da tukunyarsa da damuwarsa. Wata dattijuwa 'yar Sudan, Hajiya Nafisa, da ke jinyar mijinta, ita ta zama uwar ɗakina. Ta nuna min inda ake samun naman halal da garin da za a iya tuƙawa. Abincin Indiyawa kuwa, in ka cire kayan ƙamshi babu abin da zai rage. Wake ruwa-ruwa, gurasa siririya kamar takarda, shayi da citta har a ido. A titi keke napep sun fi mutane yawa, ashe nan ne gidan ubansu. Shanu kuma suna yawo babu makiyayi, motoci na kauce musu. Baba ya daɗe yana kallon wata saniya a tsakiyar hanya, ya ce da a unguwar Gyallesu ce, ko la'asar ba za ta kai ba.

Ranar da aka kwantar da shi, wani matashin likita ya zo yana bayanin shirin tiyata, ya ƙare da cewa za a aske gemu. Na fassara wa Baba. Baba ya dubi labule ya ce, "A gaya masa mu koma gida." Na ce, "Baba, rai ne fa." Ya ce, "Da shi zan tsaya gaban Ubangijina." Raina ya ɓaci ƙwarai. Mun bar gida, mun tsallaka duniya, gashi ne zai mayar da mu? Amma 'yar fari ba ta musu da uba. Na koma gefe ina share hawaye da bakin hijabi.

Sai ga wani babban likita ya shigo da shuɗin rawani. Shi ne mai sa barci a tiyata, kuma shi zai sa robar. Baba ya yi masa sallama da girmamawa, ya ɗauka malami ne. Likitan ya yi murmushi, ya sauke takunkumin fuskarsa, sai ga gemu baƙi wuluk an murɗe shi an naɗe a ƙarƙashin haɓa, tsaf, ko gashi ɗaya bai fito ba. Ya ce shi ɗan addinin Sik ne, su ko gashi ɗaya ba sa yankewa har mutuwa, don haka tun tuni asibitin ya koyi zama da gemu. Ya ja kujera ya zauna, ni ina fassara. Ya ce gemu yana riƙe yawu da gumi da ruwan sha, in ya kwanta a kan filastar da ta rufe robar sai ya jiƙa ta ya ɗaga bakinta, cuta ta sami hanya. Abin da yake roƙo kawai, a rage gashin da ke can ƙasan wuya inda filasta za ta zauna, da injin aski, don reza tana tsaga fata. Sauran shi zai ɗaure da hannunsa.

Baba ya shafa gemu. Can ya ce, "Na wuya ba gemu ba ne." Likitan ya wanke hannu, ya taje gemun, ya murɗe shi, ya zagaya farin ƙyalle ta ƙarƙashin haɓa ya ƙulle a tsakiyar kai. Baba ya dubi madubi ya ce ya koma kamar mai ciwon haƙori. Su biyun suka yi dariya ba tare da na fassara ba.

An yi aiki, an yi nasara, aka wuce da shi sashen kulawa ta musamman. A nan ne na ga abin da har yau nake jinjinawa. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, na ɗan lokaci. Ka cire takalmi, ka cire zobe da awarwaro, ka naɗe hannun riga, ka wanke hannu har gwiwa, ka sa riga da takunkumi, sannan a bakin gado ka sake murza magani a tafi. Na tuna dubiyarmu ta gida: mota guda za ta sauke dangi, wannan ta zauna a bakin gado, waccan ta taɓa goshi, a tura kwanon abinci ƙarƙashin gado. Ƙauna ce, ba na raina ta. Amma ban taɓa tunanin abin da muke ɗauke da shi a hannu ba sai a ɗakin nan.

Ga Baba kwance, ga robar a gefen wuyansa na dama, da 'yan bakuna uku suna reto, an rufe gindinta da filasta mai kama da gilashi, kana ganin fata ta ciki. Na karanta addu'a na sunkuya zan tofa masa, har na sauke takunkumi. Sai hannu ya shiga tsakanina da shi. Nas ɗin da ke kula da shi ce, Sista Anju, 'yar gajeruwa, ba ta kai kafaɗata ba. Ta ce, "Ki yi addu'a yadda kike so, ni ma ina yi masa. Amma ban da hurawa." Na ji haushi, ban ɓoye ba. Wace ce ita da za ta tare min tofi? Sai da na fito na tuna maganar Rifkatu a gindin famfo, sannan na gane dalilinta.

Daga nan na zama 'yar kallo. Duk lokacin da Sista Anju za ta sa magani, sai ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta ɗauki auduga mai magani ta murza bakin robar, ta murza, ta murza, kamar mai goge zoben amarya. Sannan ta tsaya ta jira ya bushe. Ko na'ura na ƙara a gado na gaba, ba ta gajarta murzawar nan. Na ce a raina don ina wurin ne. Sai na riƙa laɓewa a bayan gilashin ƙofa ina leƙe, na ga haka take yi, haka wadda ta karɓe ta take yi, haka babban likita yake yi. Kullum kuma sai an goge wa Baba jiki da ƙyalle mai magani. Da safe in likitoci sun zagayo, kafin su bar gadon sai wani ya tambaya da ƙarfi, "Robar nan, yau ma ana bukatarta?" Su da suka sa ta, su ne suka fi kowa ƙosawa ta fita. Wallahi na sha mamaki, mutane da yawa haka, kowa yana tsare ƙofa ɗaya 'yar mitsitsiya, kuma ba wanda ke tsaye a kansu.

Abin ya faru ne bayan Baba ya farfaɗo sosai. Ya yi azahar a kwance, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya shafa. Kun san shafawar dattijo, daga goshi har ƙarshen gemu, abin da hannunsa ya saba tun yana saurayi. Ƙyallen ya zame, gemun ya warware, ya baje a kan filasta, ga shi a jiƙe da ruwan da ya kurɓa. Bakin filastar ya ɗaga. Ina tsaye, ban ma gane girman abin ba sai da na ga fuskar Sista Anju.

Ba ta yi faɗa ba. Ta juya masa kai gefe, ta rufe gemun da tawul mai tsabta, ta sa hula da takunkumi, ta buɗe sababbin kaya, ta cire tsohuwar filasta a hankali, ta wanke fatar da magani, ta jira ta bushe, ta manna sabuwa ta rubuta kwanan wata a kai. Da ta gama ta kai hannu za ta ɗaure gemun, sai Baba ya kau da fuska. Ya ce, "Mace baƙuwa ba za ta taɓa ba." Da yana cikin mayen maganin barci su suke yi, yanzu kuwa idonsa biyu. Likita mai rawani yana tiyata, nas namiji sai da yamma zai zo.

Sista Anju ta dube ni ta ce, "Ke 'yarsa ce." Na fara yi mata bayani, cewa a wurinmu 'yar fari da uba akwai kunya, ko sunana ba ya kira. Ta saurare ni har na gama, amma na san ba ta gane ba. Ta ce, "Gemun nan ba zai jira yamma ba. Ko ki ɗaure, ko in kawo inji. Robar nan a bakin zuciyarsa take." Na juya na fassara wa bango, kalma bayan kalma. Can Baba ya ce, "A wanke hannu."

Na wanke. Na sa safar hannu, Sista tana gefe tana nuna min. Gemun da nake gani daga bakin ƙofa tun ina yarinya, ashe laushi gare shi, kuma ba nauyi. Na taje, na murɗe, na zagaya sabon ƙyalle. Na farko ya kwance, na biyu ya zauna. Baba ya rufe ido tun daga farko har ƙarshe. Ni kuma hawaye na zuba cikin takunkumi, ba halin sharewa, don hannun da ya taɓa fuska sai an sake wanke shi. Daga ranar ɗaurin gemu ya zama aikina, safe da yamma.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Na ga an ɗibi jini ta hannu, an ɗiba ta robar, an tafi da shi. Suka ce sai an ba ƙwayar cuta lokaci ta nuna kanta in tana ciki, kwanaki ne, ba awa ba. Na kira Rifkatu ina kuka, ta ce abin da suka yi daidai ne, in yi haƙuri. Na kasa cin abinci. Hajiya Nafisa ta zaunar da ni a madafa, ta tuƙa asida, tuwonsu na Sudan, ta kaɗa kukar Inna da hannunta, ta tsaya a kaina har na cinye. A zagayen safe aka sake tambayar nan ta kullum, wannan karon amsar ita ce a'a, tunda yana iya haɗiyar magani, 'yar ƙaramar robar hannu ta isa. Aka kwantar da shi shimfiɗe, aka zare robar, Sista ta danne wurin ta daɗe. Sai a lokacin na ga irin tsawonta.

Da sakamako ya fito, likita mai rawani da kansa ya same ni a baranda. Ya ce jini fes, babu komai a ciki. Zazzaɓin daga ƙirji ne, don Baba yana tsoron tari saboda ɗinki. Aka ba shi wani abin roba mai 'yan ƙwallaye a ciki, wai ya riƙa zuƙa suna tashi. Dattijo mai jikoki yana wasa da ƙwallo, yana harararsu in sun ƙi tashi. Na sami lungu na yi sujadar godiya. Ranar da aka ce gemu ya huta, ni na kwance ƙyallen. Baba ya dubi taga ya ce, "Allah ya yi wa Malama albarka." Ƙyallen kuwa bai bari an jefar ba, ya naɗe ya sa a aljihu.

Mun dawo lafiya, gida ya cika da 'yan barka. Komai ya koma yadda yake, ni a bakin ƙofa, shi yana amsa wa bango. Abin da ya rage a wuyansa ɗan tabo ne kamar ƙwayar riɗi.

Rifkatu ita ba ta tambaye ni rawa ba. Ta tambayi yadda suke murza bakin roba, da yadda suke hana dangi. Ta ce duk sun sani, su ma suna yi iyakar ƙarfinsu, sai dai wani lokaci kaya ke yankewa, wani lokaci kuma mu 'yan dubiya ne ba ma jin magana. Kwanan baya na je gaishe da su Baba, sai ga ta da yamma, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta ce an kawo musu wani tsoho daga ƙauye, an sa masa robar wuya, gemu har ƙirji, 'ya'yansa sun ce in an taɓa shi da almakashi za su ɗauke ubansu. Filasta ta ƙi zama. Ta ce, "Ɗaurin nan da kika ce, yaya ake yi?"

Muna tsakar gida, Inna na tankaɗe, Sani na wanke babur. Na gwada mata a iska, ba ta gane ba. Na ɗauko tsintsiya na gwada a kai, ta watse. Muna cikin haka sai muka ji murya daga ɗakin Baba.

"Hajara."

Inna ta ajiye rariya. Sani ya tsaya da soso a hannu. Ni kuwa na waiga ina neman wadda ake kira, don ban taɓa jin sunan nan da wannan muryar ba.

Baba ya fito da farin ƙyallen a hannu, ya ja kujera ya zauna a tsakiyar gida, ya ɗaga haɓa. Ya dube ni, ni ɗin, ba bango ba.

"Ki wanke hannu," ya ce, "ki zo ki nuna mata a kaina."